Ranar da Alƙibla Ta Koma Gabas

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe shugaba, Allah ya gafarta malamanmu, iyayenmu mata da dattawa, da 'yan'uwan da suka yi sammako daga Manchesta da Bamingam don su iske mu a nan Landan, sannunku da hanya. Yaran da ke can baya, ku matso gaba, don rabin maganar nan taku ce.

Abin nan da ke hannuna takardar sallamar kakana ce daga aikin soja. Wannan kuma lambar yabo ce ta tagulla mai siffar tauraro, wadda aka ba duk wanda ya yi yaƙin Bama. A cikin wani tsohon gwangwani muka same su, a naɗe cikin tsumma, bayan rasuwarsa. Mu jikoki Baba Soja muke ce masa. Ina ɗan shekara goma sha uku ya rasu, kuma duk abin da zan faɗa game da shi a bakinsa na ji, a zaure, bayan sallar isha'i.

Yara, in an ce Bama a nan ba ta Borno ake nufi ba. Ƙasa ce gabas da Indiya, yanzu ana kiranta Myanmar. Japan ta ƙwace ta daga hannun Ingila a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawa kuwa suka rasa isassun mutanen da za su ƙwato ta, sai suka waiwayo kanmu. A 1943 aka haɗa Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, da mutanen Najeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Jirgi ya kewaya da su ta ƙasan Afirka ta Kudu har Bambai. Runduna ta 82 ta bi bayansu a 1944. Kimanin mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma suka je fagen nan, fiye da rabi 'yan Najeriya. A bataliyoyin Najeriya kuwa Hausa ce harshen bariki. Da ita Babarbare da Tibi da Bazabarme da Bafulatani suke fahimtar juna, hafsoshi Turawa ma dole suka koye ta.

Wasu da ƙafarsu suka je, don sule ɗaya a rana ba ƙaramin kuɗi ba ne a lokacin. Wasu kuwa umarni ne ya gangaro daga gwamna zuwa sarki, daga sarki zuwa hakimi, har ya tsaya a ƙofar gidansu. Dagaci ya aiko cewa gidanmu ya ba da mutum ɗaya. Wan Baba Soja yana da mata da 'ya'ya biyu, shi kuwa ko aure bai yi ba, sai ya ce shi zai tafi.

Ba bindiga aka fara ba shi ba. Adda aka ba shi, da kaya. A kwarin Kaladan, inda Runduna ta 81 ta yi yaƙi a 1944, babu hanyar mota, duwatsu ne da kurmi da rafuka. Jirgin sama ne ke jefo abinci da harsashi, mutane kuma su ɗauka a ka su hau dutse da shi. Dubban 'yan'uwanmu aikin da suka yi ke nan, dako a ƙarƙashin ruwan harsashi. A tsakiyar kan Baba akwai wani fili, faɗin tafin hannu, inda gashi bai ƙara tsirowa ba har ya koma ga Allah. Wurin gammo ne. Idan ya cire hula zai yi alwala, mukan tsaya muna kallo. Ya ce matsattsaku da zazzaɓi da atuni sun kayar da mutane fiye da yadda Japanawa suka kayar.

A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe garin Myohaung. Bayan nan aka janye Runduna ta 81 zuwa kudancin Indiya, wajen Madras, ana shirya su don wani sabon hari. Suna can Japan ta miƙa wuya, ranar 15 ga Agusta 1945. Baba ya ce daren nan ba wanda ya runtsa, kowa ya ɗaure jakarsa, a zatonsu nan da mako guda sun kama hanyar gida. Ina! Jiragen ruwa ba su wadata ba, kuma ba su aka fara kwasa ba. Akasarin mutanenmu sai cikin 1946 suka samu jirgi. Ku yi tunanin mutumin da ya tsira daga yaƙi, yana zaune a tanti wata da watanni, bai san ko uwarsa na da rai ba.

Da lokaci ya yi, aka shirya musu faretin ban kwana. Wannan wurin Baba ya fi daɗewa a kai idan yana ba da labari. Ya ce tun jajibiri suke wanke kaki, suna goge shi da dutsen guga na gawayi, suna shafa wa takalma mai har mutum ya ga fuskarsa. Da gari ya waye aka busa begila, badujala ta ɗauka, samanja yana tsawa ana jin muryarsa daga wannan gefen fili zuwa wancan. Suka wuce gaban babban hafsa sahu-sahu, suka sara masa. Shi kuma ya yi musu jawabi, wani Bature yana juyawa da Hausarsa ta bariki, cewa sun yi aikin maza, Sarkin Ingila ya gode, kuma ba za a manta da su ba.

Amma ba jawabin ne ya zauna masa a rai ba. Ya ce lokacin da aka ce a daidaita sahu, sai ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar na damansa, ya ji ba kafaɗar da ya saba taɓawa ba ce. Tun daga barikin horo a gida, wani yaro ne mutumin ƙasar Bauchi yake tsayawa a nan. Yaron yana kwance a gindin wani dutse a Kaladan. An matso an cike gurbinsa, sahu ya miƙe sarai, mai kallo ba zai ga giɓi ba. Kowa a filin nan ya san wanda ya kamata a ce yana gefensa. Baba ya ce duk zamansa a kurmi bai yi kuka ba, sai ran nan, yana ƙame, hawaye na zuba cikin wuyan riga, ba damar ɗaga hannu ya share.

Daga nan sai teku. Kusan wata guda suka yi a kan ruwa, inji shi. An jibge su a can cikin jirgi, kowa da ragar da ake ɗaurawa a kwanta a ciki, wata bisa wata, zafi kamar tanderu. Kwanakin farko hajijiya da amai suka hana kowa sakat. Ruwan sha da awo ake bayarwa. Wasu suka fara taimama a jikin katako, sai limamin bataliya ya ce musu ruwan teku mai tsarki ne, Manzon Allah ya faɗa, su ɗebo su yi alwala. Haka suka riƙa yi, gishiri na bushewa fari fat a gemunsu.

Wani kofur ya rasu a hanya, ciwon da ya ɗauko tun daga kurmi. Suka yi masa wanka, aka naɗe shi cikin tamfol, aka ɗaura masa ƙarfe a ƙafa, suka sallace shi a saman jirgi, aka zura shi cikin ruwa. Jirgi bai tsaya ba. Baba ya ce ya bi wurin da kallo har ya kasa gane inda ne. Mutum ya sha yaƙi shekara biyu, saura 'yan kwanaki ya ga gida, kuma ko kabarin da za a nuna wa 'ya'yansa babu.

Ga abin da ya sa na zaɓi in yi wannan magana a gabanku, mu da muke zaune a ƙasar wasu. Bahaushe idan zai yi salla cewa yake zai duba gabas. A Bama kuwa alƙibla yamma take, saitin faɗuwar rana. Baba ya ce shekara uku yana salla yana ba gabas baya, ya san daidai yake yi, amma jikinsa bai taɓa sabawa ba. A cikin jirgi kullum sai an tambayi matuƙa ina Makka take yau, don kullum tana sauyawa. Da suka wuce Adan suka shiga Bahar Maliya, alƙibla ta koma arewa, tana karkatowa a hankali. Wata safiya aka ce musu Jidda tana nan dama da jirgi, bayanta Makka. Duk Musulmin da ke ciki suka yi tururuwa zuwa gefe guda, ba su ga komai ba sai ruwa da hazo, suka ɗaga hannu suna addu'a. A zamanin da mai zuwa hajji daga Kano ke shafe shekaru a ƙafa ta Chadi da Sudan, ga talakawa sun zo dab da Ɗakin Allah, ba halin sauka. Ran nan suka yi salla suna duban fitowar rana. Baba ya ce a ranar ya san lalle gida za shi, tun bai ga Legas ba. Bai samu zuwa hajji ba har ya rasu, amma yakan ce shi ya gaida Makka daga nesa.

Suka bi mashigin Suwes, suka ratsa tekun Bahar Rum, suka fito ta Jibralta, suka gangaro. Aka tsaya a Firitawun, aka tsaya a Takoradi, sannan Apapa. Daga nan jirgin ƙasa ya ɗauko 'yan arewa, ya haye gadar Jebba, ana sauke mutane tasha-tasha. Baba ya isa ƙauye da la'asar, da akwatin ƙarfe a ka. Uwarsa ta rasu da wata bakwai. Da an kwaso su lokacin da yaƙi ya ƙare, da ya same ta.

Kuɗin sallamar da aka ba su bai kama ƙafar na sojan Bature mai muƙami irin nasu ba, kuma aikin da aka yi musu alkawari kaɗan ne suka samu. Wasu suka zama masinjoji, wasu 'yan doka, wasu direbobi da tuƙin da suka koyo a soja. Baba gadi ya yi shekara ashirin a wani kanti, ranar da ƙarfinsa ya ƙare aka sallame shi ba ko sisi. 'Yan'uwanmu na Gana da ke nan sun fi ni sanin abin da ya faru a Akra ranar 28 ga Fabrairu 1948, lokacin da tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna da takardar kokensu, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey a nan suka faɗi. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka gaggauta 'yancin Gana a 1957.

Sunayen wuraren da suka yi yaƙi suna bakinmu kullum, ba mu san ma'anarsu ba. Barikin Dodan da na Arakan a Legas, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, duk daga Bama suka zo. Barikin Chindit na Zariya sunan rundunar Janar Wingate ne, wadda bataliyoyin Najeriya uku suka yi yaƙi a cikinta a bayan layin Japanawa a 1944. A Akra akwai Burma Camp. Barikin Lakwaja yana ɗauke da sunan Samanja Chari Maigumeri, wanda shi ma ya je Bama. Turawa da kansu suna kiran rundunar Janar Slim da ta yi wannan yaƙi rundunar da aka manta. To, in an manta da Turawan cikinta, ina ga mai dakon harsashi daga ƙauyenmu?

A maƙabartar Taukkyan, kusa da Rangun, babban birnin Bama na wancan lokaci, akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma akwai mutanenmu a ciki. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta sa sunayen a intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Na zauna wani dare ina karantawa. Musa, Garba, Audu, Adamu, sai sunan gari a maimakon sunan uba, domin haka magatakardan soja suka riƙa rubuta su. Ban iya kai ƙarshe ba.

Roƙona, ranka ya daɗe shugaba, guda biyu ne. Duk wanda ya san akwai tsohon sojan Bama a danginsa, ya kira gida a wannan makon. A buɗe akwatuna da adakar tsofaffi, a ɗauki hoton takardar sallama da lamba, a rubuta sunansa da garinsu da lambar sojansa. Su kansu sun kusa ƙarewa, amma matansu na ƙarshe da 'ya'yansu suna nan, a naɗi muryarsu a waya tun suna iya tunawa. Sakatare ya yarda ya buɗe rajista, in mun tara sai mu buga da Hausa da Turanci, don yaran nan su kai makaranta ranar da ake maganar yaƙin duniya. Na biyu, a nan Landan, a bakin titin Constitution Hill kusa da fadar Buckingham, akwai ginshiƙan tunawa da aka buɗe a 2002 don sojojin Indiya da Afirka da Karebiyan. Ina so ranar 15 ga Agusta mai zuwa mu je can da manyan rigunanmu da 'ya'yanmu, mu karanta sunayen da muka tara da babbar murya.

Takardar da lambar zan ajiye su a kan teburin sakatare. Yara su zo su taɓa, amma a hankali, takardar ta tsufa. Allah ya gafarta malam, a ja mana fatiha ga Baba Soja, da yaron Bauchi da ke Kaladan, da kofur ɗin da aka bari a teku.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.