Me ke kawo maiƙo a bayan gida lokacin gudawa?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Maiurno, Gadarif, Wad Madani da sauran garuruwanmu.

Akwai gudawar da bayan gidanta ke fitowa da maiƙo, fari-fari, mai wari fiye da kima, yana yawo a saman ruwa, yana manne wa masai. Ma'anarsa ita ce man da aka ci ya wuce, jiki bai tsotse shi ba. Kafin mai ya shiga jini sai ruwan ɗaci daga hanta ya farfasa shi, sinadarin fankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi) ya narkar da shi, sannan ƙaramin hanji ya tsotse. Ko ɗaya ya gaza, sai man ya fice.

Idan sau ɗaya ne bayan an cika ciki da agashe mai kitse, ba abin tayar da hankali ba ne.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne jardiya. Ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, tana shiga ta ruwan da kashi ya gurɓata, kamar ruwan magudanan noma ko randar da ake tsoma hannu a ciki. Sai ta shimfiɗe a bangon ƙaramin hanji, ta hana shi aikinsa, bayan mako 1 zuwa 2 alamu su fara bayyana. Ga kumburin ciki, ga gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, yaro yana ci yana ramewa. Sinadarin kulorin ba ya saurin kashe ta, tafasa ruwa kuwa yana kashewa. Don Allah a kai bayan gida gwaji, wani lokacin har sau 3 a ranaku daban-daban, a daina sayen Flagyl da ka.

In an sha magani abin bai tsaya ba, sai a duba gaba. Wasu hanjinsu ba ya jure alkama da sha'ir: burodi da gurasa na tayar musu da ciwon, kisrar dawa zalla kuwa lafiya lau. Daɗaɗɗen ciwon fankiriyas ma na kawo wannan maiƙon, haka ma maganin rage ƙiba na orlistat.

Yana daɗewa, bitamin A, D, E da K na bin man su fice, har dundumi na iya biyo baya. Idan kuma ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya koma fari, mai yiwuwa tsakuwa ko ƙari ne ya toshe hanyar ruwan ɗaci. Wannan a tafi asibiti ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙen ciwon shawara.