Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya a Ziyararsa Sashen Nazarin Jini

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishinan Lafiya, shugabannin asibiti, malamanmu, ma'aikata da ɗalibai. Ranka ya daɗe, a madadin wannan sashe ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Ka zo a kan gaɓa, domin damina ta yi nisa, gadajen ɗakin yara sun cika da masu zazzaɓin cizon sauro.

Aikinmu a nan a kan abu ɗaya yake, wato laushin jar ƙwayar jini. Faɗinta bai wuce maikiromita 7 zuwa 8 ba (maikiromita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), amma takan lanƙwashe ta kutsa ta tsaguwar da ke cikin saifa, wadda ba ta fi maikiromita 1 ko 2 ba, ta fito ta koma yadda take. Haka take yi har kusan kwana 120. Tamkar jemammiyar fata ce, ka naɗe ta ka warware.

Da ƙwayar cutar falsifarum, mai haddasa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ta shige ta, cikin awa 48 sai ta mai da ita ƙirgi. Tana tura sinadaranta su ɗaure bangon ƙwayar jinin, taurinta ya ninka har kusan sau 10, kamar yadda masu bincike suka auna ta hanyar jan ƙwayar da hasken leza. Sannan wasu ƙuraje su fito mata masu danƙo, ta manne a bangon ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ko na ƙoda, ko a mabiyiyar mai ciki. Dabara ce ta guje wa saifa, mai tace duk ƙwayar da ta taurara. Daga nan ake samun yaron da aka kawo yana jijjiga, ko ya suma. Shi ya sa wani lokaci mu duba jini mu ga ƙwayoyin cuta kaɗan alhali yaro yana hannun Allah: sauran sun maƙale inda allurarmu ba ta kaiwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, ranka ya daɗe, shi ne har ƙwayoyin da cutar ba ta shiga ba su ma suna taurara, saifa ta kwashe su. Waɗanda ake rasawa ta wannan hanya sun fi masu cutar yawa nesa ba kusa ba. Allurar atesunat tana kashe cutar, amma ba ta mayar da jinin da ya tafi. Uwa ta ga tafin hannun ɗanta ya yi fari fat, mu kuma mu shiga neman mai ba da jini da tsakar dare.

Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan cuta a duniya, ga kuma sikila, wadda ita ma cutar taurin ƙwayar jini ce. Saboda haka kokenmu biyu ne: wutar sola da za ta riƙe firjin ajiyar jini dare da rana, da na'urar auna laushin ƙwayar jini, don mu yi awon a kan marasa lafiyarmu.

Allah ya saka da alheri, ya mai da kai gida lafiya. Kafin nan, ɗalibai sun shirya gilasai biyu a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, jinin mai lafiya da na mai zazzaɓi. Bismillah, ranka ya daɗe, a matso a gani.