Ɗan Jarida Tsakanin Hilal da Marikh

(An kwafo daga faifan laccar da wani tsohon ɗan jaridar wasanni da nishaɗi ya yi wa matasan Hausawa a Kassala, ƙasar Sudan.)

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To, madalla. An ce in yi magana a kan aikin da na yi furfura a cikinsa, kawo labarin wasanni da na mawaƙa. Abu uku na shirya, in Allah ya yarda mu gama kafin magariba.

Na farko, ku san gidan da kuke ciki. Yaro zai jero maka 'yan wasan Real Madrid har da na benci, amma ka tambaye shi inda aka kafa CAF, hukumar ƙwallon Afirka, sai ya kama sosa ƙeya. A Khartum ne, 1957. A shekarar aka buga kofin Afirka na farko a can, ƙasa uku kacal: Sudan, Masar, Habasha. A 1970 muka ɗauki kofin, muka yi wa Ghana ci ɗaya mai ban haushi. Wanda bai san wannan ba, me zai rubuta?

Na biyu, Omdurman. A nan zan daɗe, ku yi haƙuri da ni. Manyan ƙungiyoyin ƙwallon birnin biyu ne, Hilal masu shuɗi, Marikh masu ja da rawaya, filayensu ba su da nisa da juna, tafiyar ƙafa ce. Yanzu in na ce 'yan Hilal su ɗaga hannu, ɗakin nan zai rabu biyu. Ga shi tun ban ce ba Alhaji ya ɗaga! [dariya] Sauke, Alhaji, mun gani.

To haka jaridun wasanni suke a lokacinmu, wannan ta shuɗi ce, waccan ta ja ce. Da safe sai ka ga mutane sun yi cincirindo a gaban mai sayar da jarida, kowa na neman wadda za ta sanyaya masa zuciya. Wasa ɗaya, alƙali ɗaya, amma ka karanta jarida biyu sai ka rantse wasa biyu aka buga. Akwai editan da ya taɓa mayar mini da rubutuna, ya ce bugun fenaretin da na ce ya halatta, in gyara in ce zalunci ne, don masu sayen jaridarmu haka suke so. Na ce ranka ya daɗe, ina wurin, a gabana aka taɗe yaron nan. Bai buga rubutun ba. Na ji zafi, wallahi na ji zafi. Amma 'ya'yana, abin da idonka ya gani shi ne jarinka. Ranar da ka sayar da shi, ba ka da sauran abin sayarwa.

Shi ya sa nake cewa ku je fili. Ku je fili! Kada ku zauna a ɗaki kuna kwafe abin da wani ya sa a Facebook. Ni tun la'asar nake zuwa, in zauna wajen matan nan masu shayi a bakin ƙofa, ɗan littafina a aljihu, in saurara. Direban motar ƙungiya yana nan, mai kula da ciyawa yana nan. A wajensu za ka ji wane ne ya kwana da zazzaɓi, wane ne aka yi wata uku ba a biya shi ba. Amma ji daban, bugawa daban. Sai ka tabbatar daga baki biyu.

Kun san 1989? Marikh ta ɗauki kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙasashensu, kuma Bendel United ta Najeriya ta doke a wasan ƙarshe. Ku yi tunanin halin da Bahaushen Sudan yake ciki ranar, ga ƙasar haihuwa, ga ƙasar kakanni. Ni dai na rubuta abin da ya faru, murnar na bar ta sai da na koma gida.

Akwai ranar da ba na mantawa, Maris ɗin 2010. Endurance Idahor, ɗan Najeriya mai buga wa Marikh gaba, ya faɗi a fili ana wasa da Amal ta Atbara, bai sake tashi ba. Shekararsa 25. Daren nan kowa so yake ya riga kowa fitar da labari. Ni abin da ya tsaya mini a rai, yaron nan yana da iyali a can gida, an gaya musu kuwa? Ɗan wasa ɗan wani ne. In kun manta duk abin da na faɗa yau, ku riƙe wannan. Ɗan wasa ɗan wani ne.

Na huɗu... na uku ne? To, na uku. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe filayen, har Hilal da Marikh suka je suna buga gasar Muritaniya. Ƙungiyar ƙasa kuwa, da koci Kwesi Appiah, a waje take karɓar baƙi, amma ta samu gurbi a kofin Afirka na 2025. Allah ya kawo mana zaman lafiya. Batun mawaƙa kuma, a taƙaice: kada ka karɓi ambulan ɗin kuɗi daga mawaƙi, kada ka shiga sirrin aurensa, ka saurari waƙa har ƙarshe kafin ka yanke mata hukunci. Lokaci ya ja.

Na'am, 'yata? Ɗaga murya kaɗan.

[Wata ɗaliba: Baba, mace za ta iya wannan aikin? A gida ana cewa ba namu ba ne.]

Za ta iya mana! Kin san A'isha Fallatiya? A yankin Kassalan nan aka haife ta, jininmu ce. Mahaifinta malami ne, bai so ta yi waƙa ba. Ita ce mace ta farko da ta rera waƙa a Rediyon Omdurman, a farkon shekarun 1940, ta yi da Larabci ta yi da Hausa, ta rasu a 1974. Matasanmu nawa ne suka san ta? Wa zai zauna da tsofaffin da suka ji ta da kunnensu kafin su ƙare? Ke za ki shiga cikin gida wajen iyayenmu mata, inda ni ba zan wuce zaure ba. A 2019 kuma an buɗe gasar ƙwallon mata a Khartum, su ma suna bukatar mai rubuta labarinsu da mutunci.

Ba zan ce ki saɓa wa iyaye ba. Ki nuna musu aikin tukuna. Ki samu wata tsohuwa a unguwarku wadda ta san waƙoƙin A'isha, ki ɗauki muryarta a waya da izininta, ki rubuto shafi ɗaya. Ki ba shugaban ƙungiyarku, zai kawo mini ranar Juma'a, zan duba miki. In mahaifinki yana so, zan zo mu gaisa.