In kwamitin ladabtarwa ya kira ɗan ƙwallon jami'a, mi ya kamata ya yi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau da 'yan wasan jami'a nake, masu taka leda da 'yan gudu da 'yan kwando, musamman ku da kuke mafarkin zuwa NUGA, gasar jami'o'in nan da aka faro tun 1966 a Ibadan.

To a ce kai ne mai tsaron baya, ana wasa tsakanin tsangayoyi, rafali ya busa fanareti a minti na ƙarshe, ran kowa ya ɓaci, aka yi cirko-cirko, kafin ka ce kwabo an fasa wa wani baki, kai kuma da yake ka fi kowa tsawo kuma ga lamba ɓaro-ɓaro a bayan rigarka sai ya zamana kai kaɗai aka shaida a bidiyon da ke yawo a WhatsApp. Washegari koci ya ce ka huta tukuna, bayan kwana biyu ga takarda daga ofishin kula da harkokin ɗalibai.

Nan ne yara ke ruɗewa, don hukunci biyu ne ba ɗaya ba. Na fili daban, wannan koci da ofishin wasanni ne, suna iya ajiye ka a benci yau yau. Na makaranta shi ne mai zafi, shi ke taɓa karatunka, gargaɗi ko dakatarwa na zango ɗaya ko biyu ko kora gaba ɗaya. Kuma wallahi ƙwallayen da ka ci wa makaranta ba su shiga lissafi a ɗakin nan, wani lokacin ma sanin da aka yi maka shi ke ƙara ja maka.

Amma fa ba a hukunta ka haka kawai. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, wato a faɗa maka laifin da ake tuhumarka da shi, a ba ka lokaci ka shirya, ka ji abin da aka ce ka yi, ka kare kanka. Akwai shari'ar da duk ɗalibin lauya ya haddace, ta Garba da Jami'ar Maiduguri. An yi tarzoma a 1983, aka kori ɗalibai, magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1986 kotu ta soke korar. Dalili? Wanda ya shugabanci kwamitin binciken, mataimakin shugaban jami'a, yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, ka ga kura ce aka ba ajiyar nama. Sannan kotu ta ce zargi irin na ƙone-ƙone da sata aikin kotu ne ta yanke. Don haka in ka shiga ka tarar wanda kuka yi rigimar da shi ko ubangidansa na zaune cikin kwamiti, ka faɗa cikin ladabi, ranka ya daɗe ina roƙon a rubuta cewa ban gamsu da zaman wane ba. Kada ka ɗaga murya, ba filin ƙwallo na Karkanda a Katsina kake ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne yaro ya karɓi takarda ya cusa ƙarƙashin katifa, wai koci zai je ya yi magana da manya. Ɗan uwa koci ba lauyanka ba ne, shi ma ta kansa yake. Ka ba da amsa a rubuce, ka nemo cikakken bidiyon ba guntun daƙiƙa goman da aka yanko ba, ka samu abokan wasa biyu da za su iya tsayawa su faɗi abin da suka gani. Kuma ka gaya wa Baba da wuri, gara ya ji daga bakinka.

In an yanke hukunci bai yi maka ba, sai ɗaukaka ƙara. A dokokin jami'o'in tarayya da yawa, shugaban jami'a ke da ikon ladabtar da ɗalibi, ƙara kuma majalisar gudanarwa ake kai wa. Ko kana Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsin-ma, buɗe littafin dokokin ɗalibai da aka ba ka a aji ɗaya, ai na san ko buɗe shi ba ka taɓa yi ba, nan za ka ga wa'adin da aka ɗiba da wanda za ka rubuta wa. Abin da ke ba mutane mamaki, ɗaukaka ƙara ba ta tsayar da hukunci, kana gida kana jira har a zauna, in gasa ta zo a tsakani ta wuce ka kenan.

A takardar kada ka cika ta da a yi haƙuri a duba maraicina. Nuna inda aka kauce, ba a kira shaidunka ba, ko ba a nuna maka hujja ba, ko hukuncin ya fi laifin girma. Kotu kuma sai ka gama bin matakan cikin gida. Ka yi hoto kwafi biyu, in ka miƙa a ofishin rajistara ka tsaya a buga maka hatimi da kwanan wata a kan taka kafin ka fito.