Amsoshin Tambayoyinku: Aguwa, Kariya da Karan Masallaci a Shekarun Fari

Mai gabatarwa: Masu saurare assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Maradi. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma ƙanƙane ne. Malamin gandun daji yana tare da mu. Malam, sannu da zuwa.

Malam: Yawwa, sannu kadai.

Mai gabatarwa: Wata hajiya daga Tasawa ta ce jikanta yana tsinkar furen kariya yana kai wa baki, ko akwai illa?

Malam: Akwai ƙwarai. Kariya guba ce daga saiwa har fure, da ruwanta ake haɗa dafin kibiya. A raba ta da yara da awaki.

Mai gabatarwa: Hajiya kin ji, a sa wa angon naki ido. Sai tambayar da ta fi yawa, daga Dakoro, Mayahi da Kornaka: shingayen aguwa na gonaki da burtali suna ta mutuwa. Fari ne ke kashe su? Aguwar za ta ƙare ne?

Malam: To, aguwa dai ba ta cikin tsirran da ake fargabar su ɓace daga duniya, tana nan daga Senegal har Chadi. Amma tana iya ƙarewa a karkara guda. Tsohuwar aguwa ta san fari, ta ga na 1973, ta ga na 1984. Da rani takan zubar da ganye ta riƙe ruwa a jiki. Ƙananan ne ba sa kai labari, don saiwarsu ba ta nutsa ba. Irin wannan ya faru a Namibiya da Afirka ta Kudu, inda wata bishiya dangin zabuwa ke mutuwa a yankunan da suka fi zafi, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sa ta cikin masu fuskantar haɗarin ƙarewa. Sannan akwai yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, wato CITES ta 1973, wadda ta ce dangin aguwa da tinya ba a ƙetare iyakar ƙasa da su sai da takardar izini...

Mai gabatarwa: Malam, ka kai mu Namibiya ba kuɗin mota. Mu dawo Dakoro.

Malam: Na dawo. Fari yana raunana aguwa, mu kuma mu ƙarasa. Ana tumɓuke shinge don a ƙara kunya biyu a gona, ana cinna wa tushenta wuta lokacin sharar gona, ana sare reshe ba a dasa wani.

Mai gabatarwa: Wannan kam gaskiya ce mai ɗaci. Masu cin burtali, da ku ake. Yaya ake dasa ta?

Malam: Da bazara ake dasa ta, Afrilu zuwa Mayu, kafin ruwan farko. A samu reshe ƙosasshe, kaurinsa ya fi babban yatsa, tsawonsa santimita 60 zuwa mita ɗaya. A sare da adda mai kaifi, sara ɗaya, kada a fasa shi. Kada a ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassan uwar. A jingine su a inuwa kwana uku zuwa mako guda, har farin ruwan ya tsaya, bakin saran ya bushe. Sannan a haƙa rami dogo, zurfin santimita 20 zuwa 30, a jera su da tazarar taƙi ɗaya, a mayar da ƙasa a tattake sosai don iska. Kuma kada a ba su ruwa.

Mai gabatarwa: Kada a ba su ruwa? Maimaita, don na san wani zai ce rediyonsa ne ya yi ƙara.

Malam: Kada a ba su ruwa. Reshen yana da guzurinsa a jiki. Ɗanyen sara in ya haɗu da jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake yi daga ƙasa, ka ga sama kore, ka taɓa ya faɗi. Shi ya sa dashen tsakiyar damina yake lalacewa, haka ma na fadama inda ruwa ke kwanciya. Jigawa take so. Sauran matsalolin su ne dasa reshe kai ƙasa, da gara da ke cin wanda ya fashe, da shanu masu ture shi kafin ya kama. A kare shi da ƙaya shekarar farko, inda ya mutu a cike gurbin bazara mai zuwa. Ruwan aguwa kuma in ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta, a nufi likita.

Mai gabatarwa: Wato bazara, a shanya a inuwa, a dasa a busasshiyar ƙasa, ba ban ruwa. Wani mai maganin gargajiya daga Madarunfa ya ce karan masallaci ya yi wuya a daji.

Malam: Masu maganin ne ke ciro shi da saiwa ɗungurungum. Kuma shi a gindin geza da sabara yake fakewa, in an share su rana da kofato sun same shi. Tsiro ne mai buɗe ƙofofin numfashinsa da dare don kada ruwa ya tsere, don haka girmansa a hankali ne. A yanki 'yan sanduna, a bar tushen, a dasa wasu a fasasshiyar tukunya mai yashi a gida.

Mai gabatarwa: Baba, ka ji, ka zama manomin maganinka. Ɗalibi daga Gidan Rumji yana tambaya ko a zuba wa zabuwa takin zamani.

Malam: A'a. Ɗan busasshen takin gida ya isa.

Mai gabatarwa: Agogo ya kore mu. Mai tambaya kan tinya daga Agiye, taka ce farko a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.