Ƙari ne ko kumburin jijiyar jini? Inda hoton ƙwaƙwalwa ke ruɗar mutane

Ku ɗauka kuna kallon hoton ƙwaƙwalwa, ga wani dunƙule a tsakiyarsa. Duk wanda ya gan shi da farko zai ce ƙari ne. Amma jijiyar jini ce bangonta ya yi rauni, ya kumbura ya zama jaka. Likitoci na ce masa anurizim, in kuma faɗinsa ya haura milimita 25, ana lissafa shi cikin manya. Yana danne abin da ke kusa da shi yadda ƙari ke yi: ciwon kai, gani biyu-biyu, fatar ido ta faɗo.

To ga inda ake ruɗewa. Ana zaton da zarar an yi allurar ruwan da ke haska hoto, jakar za ta haska gaba ɗaya, tunda jini ne a cikinta. A ƙaramar jaka haka ne. A babba kuwa, jinin da ke gefe-gefe tafiyar hawainiya yake yi, har ya daskare. Sabon guda ya hau kan tsoho, wani ya sake hawa, kamar ɓawon albasa. Ruwan allurar ba ya shiga inda jini ya daskare. Siririyar hanyar da jini ke gudu kawai yake bi, ragowar kuma ta fito a hoto tamkar tsoka.

A hoton MRI, wanda ake ɗauka da maganaɗisu, ku lura da wani baƙin gurbi. Jini ne mai gudu, bai tsaya na'ura ta ɗauke shi ba. Ga zoben alli, wato kalsiyam da ya taru, a bakin jakar a hoton CT, wanda ake ɗauka da hasken X-ray. A MRI kuma ga inuwa tana maimaita kanta a jere, saboda abin yana bugawa tare da zuciya.

Wurin da ya fi tayar da hankali shi ne gefen ƙwayar fitutari da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, inda jijiyar karotid mai kai wa ƙwaƙwalwa jini ke wucewa. Ƙarin da ya fito a wannan wuri galibi ta hanci ake cire shi. In aka shiga aka huda jakar jini, zubar jinin na iya kashe mutum nan take. Shi ya sa, a ganina, bai dace a taɓa dunƙule a nan ba sai an ɗauki hoton jijiyoyi: CTA ko MRA, wato CT ko MRI na jijiyoyin jini, in da sauran shakka a zura siririn bututu cikin jijiya ta cinya ko wuyan hannu a ɗauki hoton.

Ko wannan ma, in jakar ta daskare gaba ɗaya, ba zai nuna ta ba. Dole likita ya haɗa hotunan duka ya karanta tare.