VLC Ya Ƙi Nuna Hoto, Ko Murya Ta Riga Baki? Ga Inda Matsalar Take

Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Ka kunna fim a kwamfuta, murya tana fita tas, amma allo baƙi ƙirin. Ko hoto ya riƙa tsayawa yana tafiya kamar mota a gargada. Ko kuma jarumi ya rufe baki, sannan maganarsa ta biyo baya. Yawancinmu a nan sai mu ce VLC ya lalace, mu goge shi mu sake saukewa, matsalar kuma tana nan daram. Dalili kuwa, sau da yawa laifin ba nasa ba ne.

VLC ɗin nan, manhajar kunna bidiyo mai tambarin hular hanya, ɗalibai ne suka faro shi a wata makarantar injiniyoyi da ke kusa da birnin Faris a 1996, aka sake shi kyauta ga kowa a 2001. Abin da ya sa ya karɓu shi ne yana zuwa da kayan aikinsa a cikinsa. Saboda haka duk shafin da ya ce sai ka sauke wani ƙarin kodek, wato abin warware bidiyo, kafin fim ya buɗe a VLC, rufe shi kawai. Ta nan ƙwayoyin cuta suke shiga kwamfuta.

Kafin ka taɓa komai, buɗe wani bidiyon daban wanda ka san lafiyarsa ƙalau. In shi ma ya ƙi, to saiti ne ko kwamfutar. In ya yi, to ka koma kan fayil ɗin farko.

A nan ne mutane suka fi ruɗewa. MP4 da MKV da AVI da kake gani a ƙarshen sunan fayil, buhu ne kawai. Buhu biyu iri ɗaya, ɗaya gero ne a ciki, ɗaya tsakuwa. Abin da ke cikin buhun shi ne kodek, wato salon da aka matse hoton da shi. Kana cikin kallo danna Ctrl da J tare, zai nuna maka. In ka ga H264, kusan kowace kwamfuta za ta ɗauka. In ka ga HEVC ko H265, ka sami bakin zaren. Wannan salon yana rage girman fayil sosai, amma warware shi aiki ne ja. Injinan Intel, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai daga zubi na 6, na shekarar 2015, suka fara warware shi gaba ɗaya da kansu. Tsohuwar laftof ɗin nan ta hannu, mai Core i3 ko i5 zubi na 2 ko na 3, da ƙarfin tsiya take yi. Shi ya sa za ka ji fankarta tana kuka, ƙasanta ya ɗau zafi, hoto yana tsinkewa. Kuma tun 2017 wayoyin iPhone da wannan salon suke ɗaukar bidiyo, in ba an canza saitin ba.

Na ga wannan da idona. Bidiyon kamun wata ƙanwarmu aka turo daga waya, mata sun cika falo, an jona laftof da talabijin. Amarya ta ɗaga ƙafa, sai hoto ya daskare, kiɗa yana ta tafiya abinsa. Aka yi ta zagin wanda ya ɗauka, alhali bawan Allah bai yi laifin komai ba. Bidiyon 4K ne, wato mai girman hoto sosai, laftof ɗin kuwa ta girmi wasu yaran da ke falon.

To mene ne abin yi? Danna Ctrl da P, saituna za su buɗe. Shiga Input / Codecs. A sama za ka ga Hardware-accelerated decoding, wato barin katin hoto ya taya injin aiki. Tun fitowar VLC 3.0 a Fabrairun 2018 yake zuwa a kunne. A sabuwar kwamfuta alheri ne. A wadda direban katin hotonta, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ya tsufa, shi ne yake jawo koren allo, ko hoto ya farfashe gida-gida. In a kunne yake, mayar da shi Disable. In wani ya riga ya kashe, mayar da shi Automatic. Danna Save, ka rufe VLC gaba ɗaya ka sake buɗewa, don in ba ka rufe ba sai ka ɗauka bai yi aiki ba.

Allo baƙi kuma murya tana fita? A cikin saitunan dai, shiga Video, ka nemi Output. Gwada Direct3D9, in bai yi ba gwada OpenGL. Ɗaya bayan ɗaya don Allah, kada ka canza abu uku a lokaci guda ka rasa wanne ne ya yi magani.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: da zarar an ɗauke wuta laftof ta koma kan batir, Windows yana rage mata gudu don tattalin caji. Fim ɗin da ya tafi sumul da rana, da dare sai ya fara tangal-tangal. Duba alamar batir, ka cire ta daga tsarin tsimin caji. Haka kuma in daga filas kake kallo, kwafe fayil ɗin zuwa cikin kwamfutar tukuna.

Sai murya. In babu sauti sam, danna M, maɓallin kashe sauti da kunna shi, wataƙila hannun yaro ya taɓa. In ka jona wayar HDMI, shiga Audio, sannan Audio Device, ka zaɓi talabijin ɗin, don sau tari sautin can yake maƙale a laftof. Fim mai harshe biyu kuma, harafin B yana sauya maka daga wannan zuwa wancan.

Baki da murya sun saɓa? J da K ne maganinsu a Windows. Kowane dannawa yana matsar da sauti da milisakan 50, wato dannawa 20 daƙiƙa ɗaya ke nan. Murya ta riga baki, danna K. Ta makara, danna J. Sifikar Bluetooth ta saba makara, wannan halinta ne. Rubutun fassara na ƙasa kuwa, G da H ne nasa. Amma in ka daidaita a farko, bayan minti 10 ya sake zamewa, yana ƙara nisa, ka daina wahalar da yatsanka. Ko tun wajen haɗa fayil ɗin aka samu kuskure, ko injin ne ya gaza yana zubar da hotuna.

Akwai kuma fayil ɗin da bai gama shigowa ba, turawa ta Xender ta yanke, ko data ta ƙare ana tsakiyar saukewa. MP4 da yawa a ƙarshensu ake ajiye taswirar abin da ke ciki, in wutsiyar ta guntule ba zai buɗe ba ko kaɗan. Gwada girmansa da na wanda ya turo maka. In nasa megabait 900 ne naka 600, sai dai a sake turowa. AVI ya fi sauƙin kai: VLC zai ce index, wato taswirar, ya karye, ka zaɓi ya gina sabo, ka ɗan jira.

In ka yi ta taɓe-taɓe har ka ɓata, a ƙasan shafin saituna akwai Reset Preferences, zai mayar da komai yadda ya zo. Bidiyon kamun nan kuwa, da HandBrake, manhajar sauya salon bidiyo, muka juya shi zuwa H264 a 720p. Laftof ɗin ta kwana tana aiki, washegari bayan la'asar aka sake taruwa aka kalla.